Jan Turke da Farin Turke

Rijiyar da ke cikin garkata mijina ya gina ta, shi da ƙanenshi, shekara biyu kafin ya rasu. Ba ta da faɗi, an ɗaure bakinta da baƙin dutse irin namu na Adar. Ruwanta ba shi da yawa, amma ba ta ƙarya: in ka ja ta da safe har ta yi ƙasa, ka bar ta, kafin la'asar ta dawo inda take. A babban farin da ya kashe shanu rijiyoyin kwarinmu duk sun ƙafe, ita kaɗai ta tsaya. Da ruwanta na yi albasa na ciyar da ɗiya biyar bayan ubansu. Shi ya sa duk wanda ya tsaya bakinta ya leƙa ya daɗe, ni ma ina tsaye ina kallon shi.

Garinmu yana tsakanin Buza da Keita, a gindin dutse. Zamanin soja ne. Ƙanen mijin nan nawa shi ne maigari, kuma ni ke dafa tuwon duk baƙon da gwamnati ta aiko. Ban yi lakwal ba, wato boko, ba ni jin faransanci, amma mai kai akushi tana ganin abubuwa da yawa, tunda ba wanda ke gyara fuska dominta.

Farkon dashen albasa wata shuɗiyar mota ta zo. Babbansu saurayi ne siriri mai tabarau. Ya ce daga Yamai yake, daga gidan ministan makamashi, masu kula da lantarki da man mota da na inji, esansi da gazuwal. Ya yi wa maza bayani a zaure, ina ji daga bakin ƙofa: ƙasarmu ba ta da mai nata, kowane ɗigo daga waje ake sayo shi, rana kuwa ga ta nan tana ƙona mu a banza. Gwamnati ta yanke shawara a kafa allunan gilashi masu shan rana, su riƙa tado ruwa ba da gazuwal ba. An ce mashi rijiyata ba ta ƙafewa, ita ya zo gani.

Zan faɗi gaskiya a kanshi: ya san rijiya. Ya zura igiya mai ƙulle-ƙulle ya auna. Ya sa anka ja ruwa har guga ya fara taɓa ƙasa, sa'annan ya zauna bisa dutse da agogo a hannu, tun hantsi har la'asar, yana jiran ta dawo. Ban taɓa ganin ma'aikaci ya jira rijiya ba. Wannan ma bai kwantar mani da hankali ba, don mai sayen akuya shi ke daɗewa yana duba haƙoranta. Da ya gama ya kafa turaku huɗu masu jan fenti a gabas, gindin mangwarona, ya ce nan alluna za su zauna, sai an rage rassan don kada inuwa ta tare.

Maigari ya ce, “To.”

Ba wanda ya tambaye ni, sai na tambayi kaina da ƙarfi. Na ce, “In an kafa abin, rijiyar ta wa ce?”

Ya ce, “Taki ce, Inna. Gari su sha, ke ki yi ban ruwanki.”

“A rubuce?”

Ya yi dariya ya ce takarda tana zuwa.

Ba a yi wata biyu ba gardi, dogarin gwamnati, ya kawo saƙo cewa baƙi na tafe kan maganar rijiya. Mun zaci mai tabarau ne. Sai ga farar mota mai doguwar eriya, da wani ƙaƙƙarfan mutum mai kwat, turarenshi ya riga shi shiga zaure, da nasara guda a bayanshi. Shi kuma daga gidan ministan harkokin waje yake, masu magana da ƙasashen ƙetare. Ya ce wata ƙasa aminiyarmu ta ba da kyautar injunan ban ruwa masu shan gazuwal, an riga an sa hannu, kuma jakadan ƙasar da kanshi zai zo ranar da za a tada na garinmu. Ina za a kafa? Bisa rijiyar da ba ta ƙafewa.

Na ga maigari ya sunkuya ya yi wa wani raɗa, mutumin ya fita ta baya da sauri. Kafin baƙi su sha fura su gangara kwari, an tumɓuke jajayen turakun nan huɗu, an rufe ramukansu da duwatsu, an cusa su cikin rumbuna. Mai kwat bai leƙa rijiyar ba. Ya tsaya nesa saboda laka, ya nuna yamma da ɗan yatsa, anka kafa turaku huɗu masu farin fenti tsakiyar fangalina na albasa. Nan za a gina ɗakin inji da wurin ajiye gangunan gazuwal.

Maigari ya ce, “To.”

Da ƙurarsu ta kwanta na tare shi a bayan zaure. Na ce, “Kai, wannan wane irin wasa ne?”

Ya ce, “Yaya, gwamnati ɗaya ce. In jiya ta ce ja, yau ta ce fari, ta san abin da take yi. Wanda duk ya tuna mata maganar jiya, ya ce mata maƙaryaciya ke nan. Ni ba ni faɗin haka ga masu bindiga.”

Dattawa sun fi shi nisa. Su cewa sunka yi gwaji ne: soja na son su gane garin da ke da surutu, mai kai maganar wannan baƙo ga wancan. Ga kuma al'adarmu, ba a yi wa baƙo hirar wani baƙo. Haka anka tsaya a kai: kowa ya zo a nuna mashi turakunshi, a ce mashi to.

Duk ranin nan haka munka yi ta yi. Masu kiwo bisa dutse su ke fara hango ƙura. In shuɗiya ce su ɗaga sanda, in fara ce su ɗaga rawani. Sai maza su ruga rumbuna, a cire waɗannan a kafa waɗancan, a share sawu da reshe. Har sun gwanance, suna yi suna dariya. Ni ba ni dariya, don kowane zuwa da abin da yake ci nawa. Mai tabarau ya zo ya ce rassa, anka sare rabin mangwarona yana cikin fure. Mai kwat ya zo ya ce a share wuri a tara dutse da yashi, anka tuge mani fangali shida albasarsu ba ta ƙosa ba. Mata sunka yi kwana da kwanaki suna ɗauko dutse a ka. Da mai tabarau ya dawo ya ga tulin ya tambaya, maigari ya ce katanga za a yi mani saboda awaki. Ya ce, “Madalla, kuna kula da tsohuwa.”

Na zargi kowa. Na zargi maigari, na ce ko ya gaji da ganin garkar wanshi a hannun mace. Na zargi baƙin, na ce bakinsu ɗaya, sun shirya ne ɗaya ya ci ta gabas ɗaya ta yamma, in farka in ga ba ni da inda zan tsaya sai bakin rijiya, sa'annan a ce ita ma ta gwamnati ce. Abinci ina dafa masu yadda na saba, ban rage gishiri ba, amma na daina ba su baya in suna kwari.

Direbobi ba su cin abinci da manya. A bayan gida nake shimfiɗa masu tabarma, ina tsaye suna ci. Direban farar mota dattijo ne, mutumin wajen Madawa, bakinshi bai hutawa ko da tuwo a ciki. Wata rana na ƙara mashi miya na ce, “Injin nan naku, ka taɓa ganin shi?”

Ya ce, “Na gani, Inna, bakin kogi ana gwada irinshi. Tiyonshi kamar cinyata.”

“Rijiya irin tawa fa?”

Ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, “Ni direba ne.”

Na ce, “Ci tuwonka, direba. Amma wanda ya tashi a Madawa ya san rijiya.”

Ya duba hagu da dama ya ce, “Kafin ki ƙare alwala ya shanye ta. In ruwa ya ƙare sai ya ja yashi, gindi ya zube, dutse ya bi. Ban faɗi ba, ba ki ji ba.”

Na kwashe kwano na ce, kamar abin banza, “Yaya mai tabarau? Kwana biyu.”

“Wane mai tabarau?”

Na ce mai shuɗiyar mota wadda ƙofarta ta baya ake ɗaurewa da waya. Sai ya fashe da dariya, ya ce ai ya san direbanta, wuri ɗaya suke shan shayi, gidajen ministocin nan biyu hanya ɗaya suke, ɗan tafiya kaɗan a ƙasa. Ya ce, “Su ma nan suke zuwa? Mi suke yi?”

Na ce, “Maigidanka bai sani ba?”

Ya ce, “Ina zai sani? Mu direbobi ke gaisawa. Su manya sai ta takarda, takarda kuwa tana iya shekara ba ta ƙetare hanyar ba.”

Ban yarda ba. Mutum mai saurin magana haka, ana iya aiko shi da ita. Na jira shuɗiyar mota, na yi wa nata direban tambaya ta wata hanya, shi ma ya buɗe baki yana mamaki. Na ce a raina, su biyun suna shan shayi tare, sun iya shiryawa. Sai na yi nawa gwajin. Ran nan bayan an canza turaku, na zaro farin turke guda daga rumbu na yar da shi kan hanyar da mai tabarau zai bi, na koma gindin mangwaro ina tsinkar ciyawa, idona na kanshi. Ya zo, ya gan shi, ya ɗauka. Ya kankare lakar takalminshi da shi, wannan ƙafa da waccan, ya jefar cikin ƙaya, ya wuce yana magana da mutanenshi. Na kalli fuskarshi da kyau. Wanda ya san abu, ko ya iya ɓoyewa, idonshi na ɗan tsayawa. Nashi bai tsaya ba.

Ranar na tabbata ba makirci ba ne, kuma tsorona ya ƙaru. Mai makirci ana iya roƙon shi. Waɗannan ba su ma san suna yi ba, kuma mu da kanmu muke share sawun da zai sa su sani.

Na sami maigari yana gyaran igiya. Na faɗa mashi duka: maganar direbobi, turken, da abin da inji zai yi wa rijiya.

Ya ce, “Yaya, so kike a ɗaure ni a kai ni Tawa a bayan motar kamyo?”

Na ce, “An kai waɗanda sunka fi ka ƙiba sun dawo. Kai ka shiga ramin nan da hannunka, wanka na jan ƙasa bisa. Ka manta?”

“Rijiya ana gina wata.”

“Ina? Rami nawa kunka yi kafin ita, duk kunka ci karo da dutse?”

Ya ci gaba da murza igiya. Ya ce, “Ki bari jakada ya zo ya tahi. In ta lalace, su ne za su gyara.”

Na ce, “Gemu ya yi maka fari, hankali bai biyo ba.”

Ya ce, “Tun ina yaro kike faɗin haka.” Amma bai canza magana ba.

Gardi ya kawo saƙo cewa ranar Talata mai kwat zai zo da siminti da injin kanshi. Ranar ina sallame asuba na ɗauki tabarya na gangara kwari. Fararen turakun na nan a kafe tun zuwansu na baya, har wanda anka jefar na tsamo shi daga ƙaya na mayar. Na ɗauko jajayen daga rumbu, na ɗage duwatsun da ke rufe ramukansu, na kafa kowanne inda yake, na buga da tabarya har sunka zauna. Takwas cif, ja a gabas, fari a yamma. Na shimfiɗa buzu bakin rijiya na zauna.

Da masu kiwo sunka ɗaga rawani, maza sunka gangaro su duba ko komai daidai, sunka tarar da ni. Duk sa'o'in ɗiyana ne, wasu ni na yi wa uwayensu wankan jego.

Ɗaya ya ce, “Inna, don Allah.”

Na ce, “Ga su nan, ba ni riƙe da su. Wanda zai tuge ya zo ya tuge, in gan shi.”

Ba wanda ya matso. Sunka tsaya cirko-cirko har baƙi sunka iso, maigari a gaba yana ta fara'a, mai kwat da nasara a baya, kamyo na gurnani bakin kwari. Fara'ar maigari ta mutu tun daga nesa.

Mai kwat ya nuna da baki ya ce, “Waɗannan jajayen fa?”

Maigari ya ce, “Na ɗaurin awaki ne, ranka ya daɗe.”

Na ce, “Ba na awaki ba ne. Na gwamnati ne.”

Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da yake zuwa. Ya ce, “Wace gwamnati, tsohuwa?”

Na ce, “Ni ma ita nake son in sani. Taku ta ce fari, ta mai tabarau ta ce ja. Shi ya riga ku zuwa. Ya ce ƙasa ba ta son gazuwal, rana za ta ja ruwa. Ku kun ce gazuwal. Shi ya auna rijiyar yini guda, ku ba ku leƙa ba. Ni rijiya ɗaya gare ni.”

Nasaran ya tambayi abin da na ce, mai kwat ya faɗa mashi a gajarce, nasaran ya sake tambaya, ya sake, har dole ya faɗi da tsawo. Sai nasaran ya tako cikin laka ya zo ya leƙa rijiyar. Ya jefa tsakuwa ya saurara. Ya auna faɗin bakinta da hannu. Ya koma ya hau kamyo ya ɗaga tamfol ya kalli injin, ya sauko yana girgiza kai. Ba a sauke ko buhu guda ba. Mai kwat ya faɗa wa maigari magana ƙasa-ƙasa wadda har ya mutu bai maimaita mani ba. Tuwon da na dafa ranar ba su taɓa shi ba, direban kaɗai ya ci a tsaye, bai dube ni ba.

Bayan kwana tara gardi ya zo da kamyo, ya ce kumandan mai mulkin Buza na kiran maigari da tsohuwa mai rijiya, a zo da turakun. Na ɗaure su kamar itacen wuta. Duk hanyar Buza maigari tasbaha kawai yake ja.

A biron kumandan, wato ofishinshi, na ga abin da rani guda bai nuna mani ba: mai tabarau da mai kwat cikin ɗaki ɗaya. Ba su zauna kusa ba. Faransanci suke yi da zafi, kowa ya zaro takarda yana buga hatiminta da yatsa, wannan ya buga nashi, wancan ya buga nashi. Ba sai an fassara mani ba. Na sha ganin mata biyu na gardamar wadda ta fara ajiye tulu a layi.

Kumandan soja ne, bai ɗaga murya. Ya bar su sunka gaji, sa'annan ya ce mani da Hausa, “Tsohuwa, wa ya ce ki taɓa turakun gwamnati?”

Na ce, “Ban cire ba, ranka ya daɗe. Mayarwa na yi.”

Ya dubi maigari. “Rani guda kuna cirewa kuna kafawa. Mi ya hana ku faɗi?”

Maigari ya ce, “Mun zaci an sani.”

Kumandan ya daɗe yana kallon takardun nan biyu. Ina jin shi ma duk sun bi ta teburinshi, amma ba ni ce zan tambaya ba. Sai mai tabarau ya ce, “Inna, in an ja rijiyar ta yi ƙasa da hantsi, yaushe take cika?” Na ce da rani sai la'asar, in zafi ya yi tsanani sai kusan magariba. Ya buɗe littafinshi ya miƙa wa mai kwat ba tare da ya dube shi ba. Mai kwat ya karanta, ya rufe, ya mayar mashi. Kumandan ya ce an tsayar da komai, ja da fari, sai gidajen nan biyu sun zauna a Yamai sun fito da magana guda.

Na ce, “Rijiyata fa?”

Ya ce, “Tahi ki ja ruwanki.”

Gari bai gode mani ba. Sun ce an kawo masu abu biyu na kore duka. Matan da sunka ɗauki dutse a banza suna faɗin haka a bakin rijiyata, gugansu na cikin ruwana, ni ina ban ruwa ina ji. Maigari ya ba wata dafa tuwon baƙi, shekara guda bai taka garkata ba.

Damina biyu ta wuce kafin wata mota ta zo, guda ɗaya, da mutanen gidajen biyu a ciki. Ba mai tabarau, ba mai kwat, wasu ne. Sun zo da takarda ɗaya. Na ce a nuna mani. Sunka yi dariya, tunda ba karatu zan yi ba, amma sunka miƙo. Na duba ƙasanta, hatimi biyu ne, ba iri ɗaya ba. Na mayar masu. A filin gari can ƙasan kwari sunka haƙa sabuwa mai zurfi, sunka kafa allunan rana a kai, ta yi wa mutane amfani, ban ce ba ta yi ba. Injin kuwa na ji an kai shi wajen Madawa inda ruwa ke kusa da yawa. Ji na yi, ban gani ba.

Rijiyata na nan. Mangwaron ya sake toho ta gefe guda, ya karkace, haka yake har yau. Turakun takwas gardi ya jefo mana su cikin kamyo ranar da munka baro Buza, ba wanda ya sake tambayar su. Fentin ya goge, sai ka duba sosai za ka gane ja da fari. Awaki nake ɗaurewa da su. Ranar da maigari ya fara dawowa garkata ya gan su ya ce, “Yaya, ashe ban yi ƙarya ba.” Na ce ya ɗauki guga ya daina surutu.

Takardar da mai tabarau ya ce tana zuwa, wadda za ta ce rijiyar tawa ce, ba ta zo ba. Don haka har gobe, in baƙo mai takalmi ya tsaya bakinta ya leƙa, ina ajiye abin da ke hannuna in matso.